Idan hankali ya gushe da tsakar dare: yadda unguwa za ta kafa tawagar agajin gaggawa

Wani dare, biyu saura, aka yi ta dukan ƙofar gidana. Ɗan maƙwabcinmu ne, saurayi da bai wuce shekara 23 ba, ya haye katanga riƙe da taɓarya yana ihu wai ana bin sa za a kashe shi. Kwana huɗu ke nan bai runtsa ba. Kafin in sa takalmi in fito, layi ya cika. Kowa ya haska masa fitilar waya a fuska, wannan na cewa a kira 'yan sintiri, wancan na cewa a kawo igiya, wata tsohuwa na cewa iskoki ne a nemo malam. Daga ƙarshe samari suka yi masa rubdugu, kafaɗarsa ta goce. Gari na wayewa aka kai shi wani gidan mari, ya yi wata bakwai, ya dawo da tabon ƙarfe a idon sawu da tsoron kowa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne duk wanda ya taru a daren nan ƙaunar yaron yake yi. Abin yi ne babu wanda ya sani. Wannan jagorar ta mutanen unguwa ce da ke son idan irin wannan dare ya sake zuwa, a samu mutum shida zuwa takwas da suka san wa zai fara magana, wa zai sallami jama'a, da inda za a nufa.

Buƙatar kuwa a fili take. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abin maye, ban da giya da taba, cikin shekara guda a Najeriya. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar kuwa ba su kai 300 ba, akasarinsu a manyan birane. Wanda ke kusa da mara lafiya a sa'ar farko maƙwabcinsa ne.

Mataki na 1: Zaɓi mutanen

Mutum shida zuwa takwas sun isa. A nemi ma'aikacin lafiya ko nas da ke zaune a unguwar, ko da ya yi ritaya. Dattijo ɗaya da samari ke jin kunyarsa. Mai adaidaita sahu ko mota da zai yarda a tashe shi da dare. Da mata biyu aƙalla. Matan nan dole ne, domin rabin kiran da za ku samu daga cikin gida zai fito, inda namiji ba ya shiga, kuma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ungozoma ko malamar Islamiyya da mata suka saba kai wa kuka ta fi dacewa. Da tsohuwar zuma ake magani: a Harare ta Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya fara horar da kakanni mata tun 2006 su riƙa zama a benci a harabar asibitin unguwa suna sauraron masu ciwon damuwa, kuma tsarin ya yi aiki har wasu ƙasashe suka kwaikwaya.

A sa mutum ɗaya da ya taɓa shaye-shaye ya bari, ya kuma daɗe da bari. Wasu dattawa za su yi gardama a kan wannan, ku dage. Shi ne ya san bambancin wanda ya sha tiramol da wanda ya shaƙi sholisho tun daga nesa, kuma shi ne yaran majalisa za su gaya wa gaskiyar abin da abokinsu ya haɗiya.

Mai zafin zuciya, da mai bakin da ba ya riƙe magana, a ba su wani aikin alherin daban.

Kafin komai, ku je wurin mai unguwa da limamin masallacin Juma'a ku shaida musu. Ku je ofishin 'yan sanda na yankinku, da Hisba idan akwai, da shugaban 'yan sintiri, ku gabatar da kanku da rana tsaka, cikin natsuwa. Sannan ku sayi waya ɗaya da layi ɗaya, ta riƙa zagayawa mako-mako tsakanin 'yan tawagar, maza da mata. A sanar da lambar a masallaci, a Islamiyya, a kemis.

Mataki na 2: Ku san inda za ku kai mutum

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku rubuta a takarda ɗaya: asibitin sha-ka-tafi mafi kusa da lokacin da yake rufewa, babban asibitin da ke da ɗakin agajin gaggawa na dare, da asibitin ƙwaƙwalwa mafi kusa. A Arewa akwai na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Akwai na Dawanau a Kano. Akwai sashen ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Ku taka da ƙafarku ku je. Ku tambayi ranakun ganin likita, kuɗin kati, abin da ake buƙata kafin a ba mutum gado, ku kuma san nas ɗaya da za ku iya kira. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ban da kame, tana da sashen ba da shawara da gyaran hali a ofisoshinta na jihohi. Ku san na jiharku. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, amma ku gwada ta a yankinku tun kafin ku dogara da ita.

Ku buɗe ƙaramin asusu, ko da irin na adashi ne, wanda zai ɗauki kuɗin mai da kati da maganin kwanan farko. Sau da yawa abin da ke sa iyali su zaɓi igiya a kan asibiti shi ne babu na mota a daren.

Mataki na 3: Horo

Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin mhGAP da ta ƙaddamar a 2008 domin koya wa waɗanda ba likitocin ƙwaƙwalwa ba yadda ake kula da masu taɓin hankali, kuma an yi amfani da shi a Najeriya. Ku roƙi nas ɗin ƙwaƙwalwa ko likita ya ba ku yini biyu. Ku yi gwaji a zaure: wani ya zama mara lafiya, wani ya zama uban da ya fusata, sauran su gwada. Za a yi dariya da farko, daga baya za ku ga inda bakin kowa ke kufcewa.

Mataki na 4: Waya ta yi ƙara, fara da jiki

Tun a waya ku tambayi abu uku: yana numfashi kuma yana amsa kira? Akwai makami ko wanda ya ji rauni? Me ya sha, nawa, yaushe?

Nan ne ake rasa rayuka, don haka zan tsaya a kai. Ba duk sambatu ne taɓin hankali ba. Mutumin da lafiyarsa ƙalau jiya, yau ya ruɗe, bai san inda yake ba, ga zazzaɓi ko sanƙarewar wuya, wannan zai iya zama zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko sanƙarau, ko taifot. Mai ciwon suga da ke kan magani ya fara gumi da surutai, sugansa ne ƙila ya faɗi. Idan yana iya haɗiya a ba shi abu mai zaƙi. Wanda ya faɗi daga babur kwanan baya, ko tsohon da ya rikice farat ɗaya, duk babban asibiti za a nufa da su, nan take.

Idan kodin ne ko tiramol, musamman in an haɗa da ƙwayoyin sa barci irin su roci ko diyazefam, ko da giya, abin tsoro shi ne numfashi. Alamunsa: ba ya farkawa ko an girgiza shi, numfashi ya yi jinkiri ko yana wani irin minshari mai kakari, baƙin idonsa ya tsuke kamar kan allura, leɓe da farce sun sauya launi. Kada a ce a bar shi ya yi barci ya wartsake. A kwantar da shi ta gefe, a lanƙwasa gwiwar da ke sama, a ɗan ɗaga haɓarsa, a tafi asibiti. Idan numfashi ya tsaya, wanda aka horar ya hura masa iska ta baki. Kada a ɗura masa madara, ko manja, ko ruwan gishiri; wanda ba ya cikin hayyacinsa, abin da aka ɗura masa huhu yake wucewa. Akwai allurar naloksan da ke karya ƙarfin irin waɗannan ƙwayoyi cikin mintuna. Ku tambayi asibitinku ko suna da ita. Ƙarfinta kan ƙare kafin na ƙwayar, don haka ko ya farka sai ya zauna ƙarƙashin kulawa.

Tiramol na jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Idan ta zo, a janye abin da zai buge shi, a sa tsumma ƙarƙashin kansa, kada a cusa cokali ko yatsa a bakinsa, kada a danne shi. Ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa, asibiti.

Idan fiya-fiya ko wani maganin ƙwari ya sha, za ku ga dalala da gumi da amai da wahalar numfashi. Kada a sa shi amai da ƙarfi. A cire kayan da maganin ya zuba a kai, a wanke fatar da ruwa da sabulu, a tafi da kwalbar don likita ya gani.

Sai mai jego. Matar da ta haihu kwanan nan, galibi cikin mako biyu na farko, ta daina barci, tana maganganun da ba su da kai, tana tsoron jaririn ko tana cewa ba nata ba ne, wannan ciwo ne da likitoci suka sani, yana kuma jin magani sosai. Gaggawa ce ta ranar. Kada a bar ta ita kaɗai da jaririn, kada kuma a jira a yi suna.

Mataki na 5: Yadda ake magana da wanda ya firgita

Idan jiki lafiya, hankali ne ya tashi, aikin farko sallamar 'yan kallo. Dattijon tawaga ya yi wannan: "Jama'a, don Allah a koma gida, mun gode, a kashe fitilu, kada wanda ya ɗauki hoto." Cikin natsuwa wani ya kwashe wuƙa, adda, taɓarya, fetur, ya fitar da yara.

Mutum ɗaya ne zai yi magana. Ya tsaya nesa da inda hannu zai kai, ta gefe kaɗan, hannuwansa a bayyane, kada ya tare ƙofa, kada kuma ya bari a tare masa tasa hanyar fita. Ya yi sallama, ya kira shi da sunan da ake girmama shi da shi. Ga yadda wata dattijuwa a tawagarmu ta yi da wani saurayi da ya kulle kansa a ɗaki:

"Salamu alaikum. Ɗana, ni ce, Inna ta gidan kusa da famfo. Ni kaɗai ce a bakin ƙofa, na sallami kowa."

"Inna, ku tafi! Sun sa mini abu a abinci, duk bakinsu ɗaya."

"To, na ji. Wannan abin tsoro ne, dole ka kasa ci. Rabonka da barci yaushe?"

Ba ta ce ƙarya yake yi ba, ba ta kuma ce gaskiya ne an sa masa guba ba. Tsoron ta kama, domin tsoron gaskiya ne a wurinsa. Ta kawo ruwan leda da ba a fasa ba, ta sha ɗaya a gabansa ta miƙa masa ɗaya. Sun kusa awa guda kafin ya yarda a je a ga likita saboda rashin barcin, da sharaɗin yayansa ne zai zauna kusa da shi a mota. A ba mutum zaɓi ƙanana irin wannan: yanzu ko bayan sallar asuba, da wa za a tafi. Kada a yaudare shi da cewa biki za a je. Ranar da ya gane, ya daina yarda da ku, kuma za ku sake buƙatar yardarsa.

Idan yana riƙe da makami yana kai hari, ku ja da baya, ku fitar da mutane, ku kira 'yan sandan da kuka riga kuka gana da su, ɗayanku ya tsaya ya shaida musu mara lafiya ne, asibiti za a kai shi. Idan ya zama dole a riƙe shi don kada ya ji wa kansa ko wani, a yi da mutane isassu, na ɗan lokaci, ba a danne wuya ko ƙirji, ba a kifa shi a zauna masa a baya. Haka ake kashe mutum ba da niyya ba.

Mari da bulala kuwa babu su a wannan aiki. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum kusan 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa, aka kuma samu irinsa a Daura da wasu garuruwa cikin makonnin da suka biyo. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can neman gyara suke yi, ba su ga wata ƙofa ba ne. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta haramta ɗaure mara lafiya da sarƙa. Ku gaya wa iyali haka, amma ku gaya musu da wata mafita a hannunku.

Mataki na 6: Wanda ya gaji da rayuwa

Wannan kiran ba ya zuwa da ihu. Uwa ce za ta ce 'yarta ta daina ci, tana yawan cewa gara ta mutu ta huta, tana neman gafarar kowa. A keɓe da ita, mace da mace, a tambaya kai tsaye: "Ƙanwata, wannan damuwar ta kai kina tunanin kashe kanki?" Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi, sau da yawa ajiyar zuciya za ku ji. Idan ta ce e, a tambayi ko ta shirya yadda za ta yi, ko ta tanadi wani abu. A kwashe maganin ƙwari, shinkafar ɓera, tarin ƙwayoyi da igiya daga gidan, a sa wanda take yarda da shi ya kwana da ita, a kai ta ga likita a ranar ko washegari da sassafe.

Ta san haramun ne, ba ta buƙatar a tuna mata da wuta a wannan sa'a. Ta fi buƙatar ta ji an ce, "Kin yi daidai da kika faɗa, ba za mu bar ki ke kaɗai ba." Saboda kundin hukunta laifuka na Arewa ya ɗauki yunƙurin kashe kai a matsayin laifi, iyalai kan ɓoye, har a makara. Ku riƙa faɗa musu cewa wanda ya sha guba asibiti ake fara kai shi, komai zai biyo baya.

Mataki na 7: Malamai da masu ruƙiyya

Kada ku buɗe faɗa da su, za ku sha kaye, kuma ba dole ba ne. A 1954 likita Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abekuta: marasa lafiya na zaune a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu, suna karɓar maganin asibiti da rana, yana kuma aiki da masu maganin gargajiya.  Ku zauna da malaman unguwa ku yi yarjejeniya: addu'a da tofi su ci gaba, ban da duka, ban da ɗauri, ban da hayaƙi a rufaffen ɗaki, ban da cewa a ajiye maganin likita. Malamin da ya yarda, shi ne zai fi kowa turo muku mutane da wuri, don wurinsa ake fara zuwa.

Mataki na 8: Bayan an dawo gida

Yawancin tawagogi a nan suke sakaci. Ku leƙa cikin kwana uku na farko, sannan mako-mako har wata guda. Maganin ƙwaƙwalwa kan ɗauki makonni kafin a ga cikakken amfaninsa, kuma mutane kan bari da zarar sun ji sauƙi ko kuɗi ya ƙare, ciwon ya dawo. Wasu magungunan, irin su halofaridol, kan sa wuya ya karkace, harshe ya yi nauyi, ido ya kafe sama. Iyali kan firgita su ce aljanun ne suka dawo. Illar magani ce, ana warware ta da wani maganin, a koma asibiti a ranar. Mai yawan mantuwa a tambaya masa allurar da ake yi bayan 'yan makonni. Azumi ya gabato, a je likita ya gyara lokutan sha.

Ga mai shaye-shaye, abu biyu. Wanda ya daɗe kan giya ko roci ko diyazefam, yanke masa farat ɗaya na iya jawo jijjiga da ruɗewa har da mutuwa, galibi a kwana na biyu zuwa na uku ga mai giya. Likita ne zai sauke shi a hankali. Na biyu, wanda ya fito daga gidan gyaran hali ko kurkuku jikinsa ya manta ƙwayar. Idan ya koma ya sha adadin da ya saba a da, shi ne zai iya tsayar masa da numfashi. Ku faɗa masa wannan ƙarara, ko da yana rantsuwa ya tuba. Komawa ruwa na faruwa ga da yawa kafin su tsaya da ƙafarsu, don haka kada a kore shi daga gida a karon farko. A nema masa abin yi da safe, ko a garejin wani ne ko a shagon ɗinki, a kuma haɗa shi da ɗan tawagar nan da ya bi ta hanyar.

Sirri shi ne jarinku. Littafin da kuke rubuta kira a ciki ya zauna a kulle, da lamba a madadin suna. Rana ɗaya labarin budurwar wani gida ya fita majalisa har aurenta ya lalace, wayarku ta daina ƙara ke nan.

Ku ma ku riƙa zama bayan kowane kira mai nauyi, ko na rabin awa ne a kan tabarma da shayi: me ya tafi daidai, ina aka yi kuskure, wa ya kasa barci. Wanda ya riƙe waya mako guda ya huta mako biyu. Idan aka rasa wani duk da ƙoƙarinku, ku je gaisuwa tare, kuma a karɓi wayar daga hannun wanda ya amsa kiran har sai ya ce ya shirya.